Kaji nawa zan fara da su, kuma wane iri?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, ina so in zuba kaji saboda ƙwai. Ba sana'a nake nufi ba, na ci ne kawai, mu shida ne a gidan. Guda nawa zan fara da su? 'Yan tsaki zan saya ko manya? Sannan dole ne sai da zakara? Ko tattabara ban taɓa kiwo ba, don haka a yi mini bayani irin na ɗan koyo.

Baba Mai Akurki: Wa alaikumus salam 'yata. Zakara ba dole ba ne. Kaza tana saka ƙwai ko da shi ko babu shi, aikinsa kawai ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Tunda ci za ku yi, ki bar shi, abincin da zai ci wata kazar ta ci, kin kuma huta da ƙorafin maƙwabta da asuba. Kaji 6 sun ishe ki farawa. Amma kada ki sayi ko guda ɗaya sai akurki ya kammala, an sa ƙofa an sa sakata. Yawancin waɗanda suka yi asara a makon farko, kajin ne suka riga ɗakinsu isowa.

Uwar 'Yan Tsaki: Ni dai ƙanwata, shawarata ki sayi 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya. Sun fi araha nesa ba kusa ba, ke za ki san abin da suka ci da rigakafin da aka yi musu, kuma za su saba da hannunki. Wanda ya sayi babbar kaza ya sayi tarihin da bai sani ba.

Mai Lissafi: Anti, arahar nan ta ranar saye ce kawai. Ɗan tsakon kazar ƙwai sai ya kai mako 18 zuwa 20 kafin ya fara saka, kuma kafin nan ya cinye kilo 6 zuwa 7 na abinci ba tare da ya biya da ƙwai ko ɗaya ba. Ga gawayi ko wutar ɗumama su, ga magani, ga waɗanda za su mutu a hanya. Idan aka tara duka, tazarar da ke tsakaninsa da sagarar da ke dab da fara ƙwai ba ta kai yadda ake zato ba. Ita kuma ta ce ba ta taɓa kiwo ba.

Uwar 'Yan Tsaki: To ai kowa da ranar da ya fara, ko kai da ƙwarewarka aka haife ka?

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Yaya, bari in faɗa miki abin da rainon 'yan tsaki yake nema, sai ki auna da kanki. A makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Makon farko suna son zafi na digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, sai a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har gashinsu ya rufe jiki, wajen mako 5 ko 6. Ba sai kin mallaki ma'auni ba, su da kansu za su gaya miki: in sun dunƙule wuri ɗaya a gindin wuta suna tsuwa, sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, daidai ke nan. Matsalar ita ce wannan dubawar har da tsakar dare. Dare ɗaya wuta ta mutu, sai su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. A cikin makonnin nan ne kuma ake yawancin rigakafi, na cutar Gumboro da na cutar Niyukasul, bayan na cutar Marek da ake yi tun a wurin ƙyanƙyasa. Mai zuwa aiki safe da yamma, wannan nauyi ne babba.

Sabuwar Shiga: Gaskiya ina fita aiki. To in manyan ne, yaya zan gane ba tsofaffi aka sayar mini ba? Na ji ana yin haka.

Baba Mai Akurki: Ana yi sosai. Gonakin ƙwai suna sallamar kajinsu in sun kai wajen shekara ɗaya da rabi, ƙwansu ya ja baya, wasu 'yan kasuwa kuma sai su kwaso su su ce 'yan mata ne. Ki duba ƙafa. Sagara ƙafarta santsi gare ta, in irin masu rawayar ƙafa ce za ki gan ta rawaya shar, haka bakinta. Wadda ta daɗe tana saka ƙwai rawayar nan ta koɗe, domin launin yana tafiya cikin gwaiduwa. Gashin sagara a cike yake yana sheƙi, na tsohuwa ya cinye a wuya da baya. Sannan ki ɗauke ta ki taɓa ƙasusuwa biyun nan na gefen dubura. In yatsa ɗaya ne ke shiga tsakaninsu, ba ta fara ba tukuna, in biyu ko uku ne, tana sakawa. Ki nemi masu mako 16 zuwa 18, ki kuma ce a nuna miki takardar rigakafinsu. Wanda ya ce babu takarda, ki yi masa godiya ki wuce.

Mai Son Na Gargajiya: Duk kun tafi kan kajin gona, babu wanda ya ambaci kajin gida na gargajiya. Hajiya, ki samu 'yan kajinki na gida ki sake su. Su nemi abincinsu, ki watsa musu ɗan hatsi da dusa da safe, shi ke nan. Ba ruwanki da buhun abinci, ba ruwanki da lalura. Waɗancan jajayen kajin gona ko iska ce ta kaɗa sai sun kwanta.

Mai Lissafi: Malam, ƙwai ta ce tana so. Kazar gargajiya tana saka 10 zuwa 15, sai ta shiga kwanci kwana 21, sai ta yi wata biyu tana yawo da 'ya'ya. A shekara da wuya ta wuce ƙwai 60. Irin su ISA Brown da aka samar a Faransa, ko Lohmann Brown ta Jamus, suna kaiwa wajen 300 a shekarar farko in an kula da su. Kaji 6 na gargajiya, in an raba, ƙwai ɗaya ke nan a rana, wata rana ma babu. Kaji 6 na gona kuwa 5 ne a yawancin ranaku. Gida mai mutum shida, wanne ya dace?

Mai Son Na Gargajiya: Amma 300 ɗin nan da kuɗinki kike saye. Ni nawa ƙwan kyauta ne.

Baba Mai Akurki: Kowannenku yana da gaskiya a gidansa. Ɗana mai na gargajiya, kai fili gare ka, kajinka suna samun ƙwari da ciyawa da tsutsa. Ita filinta murabba'in mita 12 ne gaba ɗaya tsakanin bango huɗu. Kaji 6 cikin mako biyu za su share duk wani abu mai rai a wurin, ya koma tsurar ƙasa. Daga nan kowace ƙwayar da za su ci daga hannunta za ta fito, ko wane iri ne. To in dai dole ka ciyar, ai gara ka ciyar da wadda za ta biya. Akwai kuma na tsaka-tsaki irin su Rhode Island Red da Australorp, ƙwansu bai kai na waɗancan ba amma sun fi juriya kuma sun fi daɗewa suna sakawa. In ana samunsu a inda take, ba laifi.

Sabuwar Shiga: Baba, a kan abincin nan nake son a tsaya. Ni a zatona dusa da ragowar abincin gida sun isa.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: A nan ne akasarin masu farawa suke karaya, Yaya, sai ka ji suna cewa an sayar musu da kaji marasa kyau, alhali yunwa ce. Ba yunwar ciki ba, cikin a cike yake. Ki duba abin da ke cikin ƙwai guda: furotin kamar giram 6, sai ɓawo mai ɗauke da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kamar giram 2. Kazar da ba ta kai kilo 2 ba ita ce za ta fitar da wannan kusan kullum. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kuma kusan awa 20 daga ciki na gina ɓawo ne, mafi yawa da dare. In babu kalsiyam a abinci, daga ƙashinta take zara. Da farko za ki ga ɓawo ya yi laushi, sannan ƙwai ya ragu, daga baya ki ga kaza ta kasa tsayuwa.

Shi ya sa abincin masu ƙwai ake haɗa shi da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, kalsiyam kuma wajen kashi 3.5 zuwa 4. Masara furotin ɗinta bai wuce kashi 8 ko 9 ba, kalsiyam kuwa kamar babu. Dusa ma cika ciki ta fi yi. Ragowar abinci da ganye a ba su, suna so, ganyen ma shi ke sa gwaiduwa ta yi ja, amma kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci, kuma banda mai gishiri da yawa ko wanda ya yi fumfuna. Ki ajiye musu dakakken ɓawon kawa ko farar ƙasar da ake sayarwa don kaji a wani ƙoƙo daban, mai buƙata za ta ɗiba. Da 'yar tsakuwa ma, tunda ba su da haƙori, a ƙundu suke niƙa.

Wani abu kuma: abincin masu ƙwai ba a ba 'yan tsaki, yawan kalsiyam ɗin yana lalata musu ƙoda. Sai sun kusa fara sakawa ake juya su a hankali.

Mai Lissafi: Ga ƙididdigar: kowace kaza giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 6 ke nan wajen giram 700. Buhu mai kilo 25 zai yi miki kamar kwana 35, a ciki kuma ki sa ran ƙwai 160 zuwa 180 lokacin da suke ganiyarsu. Ki tambayi kuɗin buhu da kuɗin ƙwai a inda kike, ki raba, za ki ga ko da riba. Ni dai ba na yi wa kowa alkawarin ƙwan gida ya fi na kasuwa araha. Wani lokaci kunnen doki suke yi, ribar ita ce sabo ne kuma kin san asalinsa, ga taki.

Uwar 'Yan Tsaki: Kun manta ruwa. Kaza tana shan kamar ninki biyu na abin da ta ci, lokacin zafi ma ya fi haka. Yini ɗaya ta rasa ruwa, za ki ga sakamakon a kwandon ƙwai na kwanaki. Ki ɗora mazubin a kan bulo daidai tsayin bayansu don kada su tona shara a ciki, ki kuma wanke shi kullum.

Maƙwabcin Mai Kaji: Ni ba na kiwo, amma ina zaune kusa da mai yi, don haka bari in yi magana a madadin maƙwabta. Wari da ƙuda. Don Allah a gaya mata gaskiya tun yanzu. Sannan in gidan haya ne ta nemi izinin mai gida, wasu garuruwan ma suna da doka kan yawan kajin da za a ajiye a unguwa, wasu sun hana zakara ɗungurungum.

Baba Mai Akurki: Ka yi gaskiya Malam, kuma haƙƙinka ne. Amma wari ba daga kaza yake ba, daga danshi yake. 'Yata, ga yadda za ki raba filin. Ɗakin kwana kamar murabba'in mita 2 da rabi, sauran ya zama farfajiya. A ƙasan ɗakin ki shimfiɗa ɓarɓashin katako ko ƙaiƙayi, kaurin santimita 8 zuwa 10, ki riƙa juya shi, inda ya jiƙe ki kwashe. Iska kuma ta riƙa ratsawa ta sama. Mutane suna toshe ko'ina wai kada kaji su ji sanyi, sai tururin kashinsu ya taru ya ƙone musu ido da maƙogwaro. In kin shiga da safe idonki ya yi yaji, to su da suka kwana a ciki fa? Babbar kaza ta fi jure sanyi a kan zafi. Ba ta gumi, haki kawai take yi, kuma in zafi ya haura digiri 30 sai ta rage ci, ɓawon ƙwai ya yi sirara. Don haka inuwa dole ce, rufin kwano kuma a ɗaga shi sama ko a yi masa rufi a ƙarƙashi.

Ki gicciya musu sanda su hau su kwana, kowace kaza santimita 20 zuwa 25. Akwatin saka ƙwai santimita 30 kowane gefe, guda ɗaya ga kaji 4 ko 5, wato biyu sun ishe ki. Ki sa shi a lungu mai ɗan duhu, kuma ƙasa da sandar kwana, in ba haka ba a ciki za su kwana su ɓata shi.

Mai Son Na Gargajiya: Baba ka bar ɓarayin dare.

Baba Mai Akurki: Ina zuwa. Raga mai manyan ramuka kaza take tsarewa, ba ta tsare abin da ke neman kaza. Ɓera da maciji da tunku duk suna ratsa ta. Ki nemi mai ƙananan ido, wanda ɗan yatsanki ba zai shige ba, ki binne gindinta kamar santimita 30 saboda masu tono. Sama ma ki rufe, shaho na gani, tsuntsayen waje kuma suna kawo cuta. Abinci kada ya kwana a buɗe, shi ke gayyato ɓera, ɓera kuma ya gayyato maciji. Buhun ki sa shi a durom mai murfi.

Sabuwar Shiga: Allah ya saka. Wata ƙawata ta ce in riƙa zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa duk mako, wai ba za su taɓa ciwo ba.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Don Allah kada ki yi. Na farko, manyan cututtukan da ke share akurki, Niyukasul da Gumboro da murar tsuntsaye, ƙwayar bairos ce ke kawo su, wannan maganin kuwa ƙwayar bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa su. Na biyu, yawan ba da shi ba gaira ba dalili yana sa ƙwayoyin cuta su saba, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki, har a jikin mutane. Na uku, yana fita a cikin ƙwan da yaranki za su ci. Kowane magani yana da kwanakin da ake zubar da ƙwai bayan an ba da shi, a rubuce yake a jikin kwali, wasu ma an hana ba kaji masu ƙwai gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne rigakafin Niyukasul. Cutar nan tun 1926 aka gano ta, har yau kuma tana iya kashe kusan duka garken da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Alamunta: koren zawo, haki, murɗewar wuya, shanyewar ƙafa ko fiffike. Ana maimaita rigakafinta, wanda ake kira Lasota ko I-2, a wurare da yawa duk wata 3, likitan dabbobi na yankinki zai ba ki jadawali. Rigakafin mai rai ne, zafi na kashe shi, ruwan famfo mai kulorin ma na kashe shi, kuma da zarar an haɗa sai a shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, don haka ki haɗa kai da wasu masu kiwo ku yi rana ɗaya. In kuma kika ga kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kada a yanka a ci, kada a sayar, ki sanar da hukumar kula da dabbobi.

Uwar 'Yan Tsaki: Ƙari a kan wannan: duk sabuwar kazar da ta shigo, ko kyauta aka ba ki, ki ware ta mako 3 zuwa 4 kafin ta haɗu da sauran. Ki kuma ajiye takalmi na shiga akurki kawai. Baƙi masu son kallo su tsaya daga waje, musamman wanda shi ma yana da kaji.

Mai Son Na Gargajiya: A nan kam na yarda da ku, don nawa ma na gargajiyar Niyukasul ba ta jin kunyarsu. Abin da zan ƙara shi ne wurin birgima. Ki zuba busasshen yashi da ɗan toka a wani kwano mai faɗi inda ruwa ba ya taɓawa, da shi suke kakkaɓe ƙwarƙwata. Akwai kuma wasu jajayen ƙwari ƙanana da ke ɓuya a tsagar katako da rana, su fito da dare su sha jini. In kaji suka fara ƙin shiga ɗaki da magariba, ki haska fitila a ƙarƙashin sandar kwana.

Sabuwar Shiga: To shekara nawa za su yi suna sakawa? Kuma gaskiya ne sai an kunna musu fitila?

Mai Lissafi: Tsawon haske ne ke motsa kaza ta saka ƙwai, awa 14 zuwa 16 ya fi dacewa. A ƙasashen da rana ke gajarta sosai lokacin hunturu, ƙwai yakan kusan tsayawa in babu fitila. Inda dare da rana suke kusan daidai duk shekara, suna sakawa ko babu, amma ƙarin awa 2 ko 3 na ɗan ƙwan lantarki yana ɗaga yawan. Sharaɗin shi ne kada a yi yau a bari gobe, rikita su ya fi rashin fitilar muni. Shekaru kuwa, ta farko ita ce ganiya. Wajen wata 18 za su zubar da gashi su dakata na makonni, su dawo da ƙwai mafi girma amma ƙasa da da. Haka yake raguwa duk shekara, ita kuma kazar tana iya rayuwa shekaru bayan ta daina biya. Gara ki yanke shawara tun yanzu, yankawa za ki yi ko riƙewa, kafin yara su raɗa musu suna.

Uwar 'Yan Tsaki: Sabo da kaza ba ya hana yanka dai. Ƙanwata, ki riƙa kwashe ƙwai sau biyu a rana. In ya daɗe ɗaya ya fashe suka ɗanɗana, sun koyi shan ƙwai ke nan, kuma raba su da halin aiki ne. Sai ki wanke shi tas kafin ki ajiye.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Anti, a wankin nan na saɓa miki. Ƙwai yana fitowa da wani siririn rufi a kan ɓawo wanda ke toshe ƙofofinsa. Ruwa yana cire shi, ruwan sanyi ma yana sa ƙwan ya zuƙe datti zuwa ciki. A Amurka ana wanke ƙwan kasuwa, shi ya sa dole ya zauna a firiji tun daga gona. A Tarayyar Turai kuwa ƙa'ida ta hana wanke ƙwan da ake kaiwa kanti a matsayin mai daraja ta ɗaya. Mai kaji 6, ta tsabtace akwatin sakawa kawai, mai ɗan datti ta goge da busasshen tsumma.

Uwar 'Yan Tsaki: Wanda kashi ya manne masa fa, haka zan sa shi a kwando?

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Shi kam ki wanke da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi, ki tsane shi, ki sa a firiji ko ki dafa a ranar. Kuma a dafa ya nuna sosai in yara ƙanana ko mai ciki za su ci, saboda ƙwayar cutar salmonela. Yaya Sabuwar Shiga, ki sayi fensir ki riƙa rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai, na farko ya fara fita.